Yadda Za Ka Mai Da Karkataccen Teburinka Ajin Kimiyya

Ka bugi ƙirji a gaban matarka, ka ce ba sai an kira yayanta kafinta ba, kai ma za ka iya haɗa teburin cin abinci. Ka haɗa, ga shi nan a tsakiyar falo ya karkata gefe guda kamar mai ciwon ƙugu. Kwantar da hankalinka, ni ma na bi ta nan. Ka bi waɗannan matakai, na ba ka tabbaci har abada ba wanda zai ji "na kasa" daga bakinka.

1. Ajiye zarton

Na san yadda aka yi. Ƙafa ɗaya ta fi tsawo, ka rage ta, hannunka ya zarce, sai ka koma kan sauran. Teburin da ya fara a tsayin cibiya yanzu da ƙyar ya wuce gwiwa, kuma ƙafafu biyu na gefe guda sun fi gajarta. Tsaya haka nan. In ka ƙara yanka, faranti za ka miƙa wa iyalinka.

2. Riga ta magana

Uwar yara za ta zo ta ɗora lemo a kai don ta gwada ka. Lemon zai kama hanya, ya faɗo, ya shige ƙarƙashin kujera. Kafin ta buɗe baki ka tafa hannu ka ce, "Madalla, ya yi."

Za ta ce, "Me ya yi, Baban yara?"

Ka ce, "Haka na tsara shi. Yara za su koyi yadda ƙasa ke jawo abubuwa."

Za ta daɗe tana kallonka. Kada ka ƙifta ido. Masana sun tabbatar, wanda ya fara ƙiftawa shi ne bai iya tebur ba.

3. Tara ɗalibai

Ni biyu gare ni: 'yar shekara shida da muke kira Lauya saboda tambaya, da Auta mai shekara uku. Jera musu lemo, batir, kwalba, sabulu da cokali a gefen da ya fi tudu, ka ce a saki. Kwalba za ta riga kowa, sabulu zai ja jiki kaɗan ya tsaya, cokali ko motsi ba zai yi ba. Shimfiɗa tawul a sake, su ga gudun ya ragu.

In Lauya ta ce, "Baba, me ya sa cokali ya ƙi tafiya?" kada ka rikice. Ka ce, "Ke me kika gani?" Da wannan tambayar kaɗai mutum zai iya koyarwa shekara talatin ba a gano shi ba. Auta kuma a bar shi, shi bincikensa cinye kayan gwaji ne.

Ban da ƙwai. Ba zan yi bayani ba.

4. Zauna a gangare

Lokacin cin abinci kai za ka zauna a gefen da ya yi ƙasa, don duk abin da aka ajiye wurinka zai nufo. Wata safiya kofin shayi zai sauka a cinyarka. Haɗiye ihun, ka dubi yaran da idonka cike da ƙwalla ka ce, "Kun gani, har shayi yana bin doka." Sannan ka tashi a hankali ka shiga ɗaki, ka yi tsallenka a can.

5. Ranar da Kawunsu zai zo

Zai zo, kada ka ruɗi kanka. Uwar yara za ta ce wai wucewa yake yi, amma za ka ga jakar kayan aikinsa a kafaɗa. Zai zagaya teburin sau biyu, ya ɗora abin awon nan mai ɗigon ruwa a ciki, ɗigon ya ruga can ƙarshe ya maƙale. Zai ciro zarto. Auta zai rungume ƙafar teburin yana kuka.

A nan sai ka ce bari ka kawo wa baƙo ruwa. Amma ka tafi da gaske, kada ka laɓe a bayan ƙofa. Ni na laɓe, sai na ji Lauya ta rage murya.

"Kawu, ƙafafun nan biyu ne gajeru, na auna da igiyar takalmina. Baba bai iya ba ne. Amma don Allah kar ka gyara, kuma kar ka gaya masa. Zai ji kunya."

6. Shiga da ruwan

Shigo da kofin kamar ba ka ji komai ba. Za ka tarar kafinta yana mayar da zarto cikin jaka, uwar yara ta juya baya kafaɗunta na motsi. Zai karɓi ruwan ya ce, "Maigida, aiki ya yi kyau. Ni kaina ban taɓa fitar da gangara irin wannan ba."

Ka ce, "Sai a hankali, Yaya." Kada ka ƙara ko kalma ɗaya. Ni dai kunya ta kama ni har tafin ƙafa, kuma ban taɓa jin son yarinyar nan kamar ranar ba.

A kula: mai wannan rubutu ba ruwansa da fasassun kofuna, ƙonanniyar cinya, ko dariyar da za a riƙa yi maka a gidan surukai. Haka kuma in da yamma 'yarka ta kawo lemo ta ce, "Baba, zo ka koya mana," alhali ka san ta gama gane komai tun ranar farko, kada ka zo wurina neman shawara. Ni ma zuwa nake yi in koya musu.