Ɗanyen Mai a Murhun Inna

Lissafina na kwamfuta ya rantse cewa ɗanyen man fetur mai kaki irin na zuma da nake nazari a jami'ar Dutsin-Ma ba zai daskare a zafin garinmu ba. Na yarda, na kawo kwalbar man gida Kurfi, na ajiye gindin randa.

Da safe ya kame kamar man shanu, ga shi amanar malamina ce. Don ya narke, na jingina kwalbar da murhun Inna.

Wari ya tashi. Inna ta ce, "Ke, mene ne wannan?"

Na ce, "Uwar fetur ce."

Ta saki salati, ta fita ba takalmi, na rufa mata baya ina kuka. Maƙwabcinmu ne ya janye kwalbar da sanda.

Har yau in na doshi murhu, Inna kan ce, "Injiniya, bari mu fita tukuna."