Ranar da Na Turare Mai Duba Mota

A shekarun kuɗin mai, burina in shiga Sabuwa da motata cikin rugugin da zai girgiza zuciyar budurwata Binta. Na tambayi bakanike a Ƙanƙara me ke sa mota gurnani. Ya sauya mini kamshaf ɗin inji da na motar tsere.

Saura takardar lafiyar mota. A Faskari mai dubawa ya tsuguna bayan salansa cikin fararen kaya, ya ce, "Malam, ɗan taka kaɗan."

Ni kuwa ina son in ji iyakar muryar motar, sai na taka har ƙasa. Ya miƙe baƙi ƙirin yana tari, ya ce, "Gawayi kake ƙonawa?" Ya hana ni takarda. A keken aro na je zance.

Har yau in murhu ya yi hayaƙi, Binta, wadda yanzu matata ce, kan ce, "Alhaji, wa ya tayar da motarka?"