Yadda Za Ka Hau Shafin Farko Da Kwalin Alewar Wake

Idan ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari sunan kamfaninka zai fito a shafin farko na injin bincike. Ban ce zai daɗe a can ba. Ni dai na ga namu da idona, har na ɗauki hoto, matata ma ta ce hoton ya fita.

Sunana Uemura, na ba wa hamsin baya. Ina aiki a wani ƙaramin kamfani a nan Osaka da ke ba wa masu shagon aski hayar manhaja: mai son aski ya zaɓi lokacinsa ta waya, mai shago ya biya mu wata-wata. Ni ne shugaban sashen tallata kamfani a intanet. Mu biyu ne a sashen, ni da wata tukunyar fure, kuma lafiyarta aka fi tambaya.

Mataki na 1: Ka fahimci abin da ake nema, ko ka gyaɗa kai

Injin bincike halin tsohuwar unguwa gare shi. Ba ya duba kyawun aikinka, su wa ke ambatonka yake dubawa. Idan wani shafi ya saka mahaɗi zuwa naka, wato ɗan rubutun nan shuɗi da ake dannawa a faɗo gidanka, sai injin ya ce lallai kai wani ne. In masu mutunci da yawa suka yi, ya ɗaga ka sama.

Ni a ofishin Shugaba Tominaga, mai kamfanin, na koyi wannan, da kaka, lokacin da ganye ya fara ja. Shi “kun” yake liƙa wa sunana, yadda ake kiran na ƙasa; wanda ake girmamawa kuwa “san” ake liƙa masa.

“Uemura-kun, na nemi manhajar shagon aski a intanet. Ka san inda na same mu?”

“Ban sani ba, Shugaba.”

“Shafi na tara. Sai da yatsana ya ƙage.”

“Ai shafi na tara ma shafi ne, Shugaba.”

“Haka ne. Ofishinmu na Aomori ma ofis ne. In ƙarshen Maris ya yi ba mu hau shafin farko ba, za ka je ka gani.”

Ofishinmu na Aomori ɗaki ɗaya ne da shebur ɗin kwashe ƙanƙara. Da na gaya wa matata Michiyo, ta ce ita gwiwarta ba za ta jure sanyin arewa ba, amma za ta saƙa mini safa mai kauri. Na duba kan tebur, ashe har ta sayo zaren. Wannan ya fi maganar Shugaba tsorata ni.

Mataki na 2: Kada ka aika saƙo, je ka da ƙafarka

Masanan ƙasashen waje za su ce ka aika wa masu shafuka saƙo ka roƙe su mahaɗi. Rashin tarbiyya ke nan. Wa ya taɓa roƙon mutumin da bai taɓa shan shayinsa ba?

Ka je shagon tsohuwa Hatanaka da ke bayan tashar jirgin ƙasa ka sayi kwalin yokan, alewar jan wake, a naɗe maka shi da kyau. Ka sa kwat. Ka miƙa katinka da hannu biyu. A zuwan farko ka yi maganar yanayi. A zuwa na biyu ka yi maganar ƙwallon gora, ka taya mutum baƙin cikin ƙungiyarsa. Sai a na uku za ka ja numfashi ta tsakanin haƙora ka ce, “In ba zai zama ɗawainiya ba…”

Haka na yi wa Fujikawa-san, mai gasa kifi a kusa da ofis.

“Mahaɗi?” in ji shi. “Da me ake cinsa?”

“Ba a cinsa, Fujikawa-san.”

“To me ya sa kake gumi haka? Ke, uwar gida! Zo ki ba wa bawan nan abin da yake nema kafin ya narke mini a shago.”

Da wannan hanya na samo mahaɗi daga mai kifi, da ƙungiyar unguwa, da wani kamfanin shirya jana’iza, da wani dattijo mai shafi a kan kyanwarsa. Ka lura: shafin da mai shi ya ba ka shayi mai kyau ba lallai ne injin ya san da zamansa ba. Amma shayin ka riga ka sha.

Mataki na 3: Ka rama alheri, ka ga sakamako

Ba sai na koya maka wannan ba, uwarka ta riga ni. Wanda ya yi maka kyauta ka mayar masa da tukwici. Saboda haka duk wanda ya saka mana mahaɗi, mu ma muka saka masa. Ƙasan shafinmu ya cika: kifi, jana’iza, kyanwa. Da kyanwar ta mutu a watan Disamba ba mu cire ta ba, ai ba a yi wa masu makoki haka. Sai muka ƙara layin ta’aziyya.

Bayan sabuwar shekara na duba. Shafi na goma sha huɗu.

Hiraoka-san, injiniyar da ke gyaran manhajarmu, ta leƙo ta bayan furen. “Uemura-san, ba wanda ya gaya maka? In ka ba ni na ba ka, injin ba ya ƙirgawa. Haɗin baki yake ɗaukarsa. Wanda aka yi maka ba ka rama ba shi ne mai daraja.”

“Wato a yi mini kyauta in yi shiru?”

“Ƙwarai.”

“Wai wa ya reni injin nan?”

“Ba ’yan Osaka ba dai.”

To, sai gyara. Amma ba ka cire sunan mutum daga shafinka ba tare da ka je ka yi masa bayani ba. Na koma wurin Hatanaka, na sake zagaye gari da kwalaye. Kowa ya fahimce ni sarai. Kuma kowa, don kada ya bar ni da nauyin alherinsa a wuya, ya cire namu shi ma. Mai jana’iza har ya raka ni bakin ƙofa ya ce yana nan duk lokacin da na buƙace shi.

Mataki na 4: Ka rubuta abu mai amfani

Sun ce in ka rubuta abu mai amfani mutane da kansu za su nuna shi. Na rubuta dogon bayani a kan tarihin kujerar aski. Mutum ɗaya ya karanta, surukata. Ta kira ta ce akwai kuskure a sakin layi na biyu. Ba ta da shafi.

Wuce wannan matakin.

Mataki na 5: Ka ɓata wa mutum mai daraja rai

Nan ne ilimin yake, ka gyara zama.

A watan Fabrairu aka sabunta manhajarmu, sai ta buɗe wa jama’a zaɓin lokacin aski ranar Litinin. Ko yaron goye a ƙasar nan ya san masu aski ba sa buɗewa ranar Litinin. Manhajarmu ce kawai ba ta sani ba.

Akwai wani tsohon mai aski a garin Sakai, nan kusa da mu, Kuwabara-san. Duk Litinin yana bakin teku da ƙugiyarsa. Ranar nan kifi ya fara ci ke nan maƙwabciyarsa ta kira shi, wai maza sun yi layi a ƙofar shagonsa cikin sanyi, kowa na nuna wayarsa. Ya naɗe ƙugiya ya dawo ya yi aski har yamma, don shi ba ya korar mutum da suma a kai.

Ashe tsohon yana da shafi a kan kamun kifi tun zamanin da intanet ke kuka ta wayar tarho, kuma injin bincike na ganin girmansa kamar kakansa. A nan ya zazzage mana. Ya kira mu ɓarayin Litinin. Ya ce wanda ya ƙera manhajarmu da alama a kwano uwarsa ke yi masa aski. A ƙarshe ya saka mahaɗi, ya rubuta: ku danna nan ku ga gidan marasa kunya.

Masu aski daga Kyushu can kudu har Hokkaido can arewa suka ɗauka, kowa ya saka a nasa shafin. Masunta suka taya su. Ba wanda ya jira tukwici. Kafin mako ya zagayo muna shafin farko, na uku daga sama.

A lokacin ne na ɗauki hoton. Michiyo ta duba, ta ce ya fita, ta ajiye saƙar a kan firiji.

Ka riƙe wannan: mai yabonka yana jiran ka rama, mai zaginka kyauta yake yi.

Mataki na 6: Kada ka ba da haƙuri, in ya zama dole, kada ka iya

“Uemura-kun, gobe ka je Sakai ka ba wa tsohon nan haƙuri.”

“Shugaba, in ya huce zai goge rubutun. In ya goge mun faɗo.”

“Kana so a ce kamfanin Tominaga ya yi laifi bai rusuna ba? Da wane ido zan kalli kabarin mahaifina?”

“A jinkirta zuwa Afrilu mana, Shugaba. Mahaifinka mai haƙuri ne.”

“Gobe.”

Sai na ƙulla dabara: zan je, amma zan ɓata aikin. Ƙaramin kwali, in makara, in ɗan sunkuyar da kai kamar mai duba takalmi. Tsohon ya ƙara fusata, ya rubuta kashi na biyu.

Tun a shagon Hatanaka dabarar ta fara yoyo. “Ƙarami? Laifin me aka yi?” Na gaya mata. Ta dafe ƙirji. “Litinin ɗin mai aski? Kai, ba da alewata za a yi wannan abin kunya ba.” Ta ɗauko babba, mai akwatin katako. Jirgi kuma ya ƙi makara, kamar kullum. Na yi ta zagaye unguwar don in ɓata lokaci, amma ƙafata da kanta ta kai ni ƙofar kafin lokaci.

Na same shi yana wasa aska a jikin fata. Bai ɗago ba.

“Kai ne mai Litinin?”

“Ni ne.”

“Kai ka ƙera abin?”

“A’a, ni dai…”

“To me ka iya?”

Bayana ne ya amsa. Ka tuna, tun ina saurayi nake ba da haƙuri: ga malamai, ga shugabanni, ga Michiyo, ga mutanen da suka taka ni a jirgi. Kaina na cewa tsaya, tsaya, bayana ya tafi abinsa. Na yi ƙasa har ina ganin gashin da ke tsakanin tayil. Bakina ya ce kifin da ya tsere ranar nan ba zai dawo ba, kuma mu ne sanadi. Ban san daga ina maganar ta fito ba. Butar shayi ta tafasa ta yi shiru, ina nan a duƙe.

“Ɗago, ɗan nan,” in ji shi. “Ɗago, za ka sa ni kuka a gaban madubi. Hau kujera, ƙeyarka kamar gonar da aka yi watsi da ita.”

Ya shafa mini kumfa. Askar na kan maƙogwarona ya ce, “Yau ɗin nan zan goge rubutun.”

“Kuwabara-san, ina roƙonka, kada ka wahalar da kanka. Bar shi yadda yake. Mun cancanta.”

“Ka ji tawali’u! Yanzu ma na fi ƙudurta gogewa. Daina motsa wuya.”

Na daina.

Mataki na 7: Ka taya wanda ya ci riba murna

Ya goge. Sauran masu aski, da suka ga mai abin ya yafe, su ma suka goge nasu, don ba a riƙe fushin wani bayan shi ya sauke.

Sai ya yi sabon rubutu, a kan wani ma’aikaci da ya yi masa rusunawar da rabonsa da ganin irinta tun yana yaron shago. Bai ambaci sunan kamfaninmu ba, wai don kada ya tuna wa mutane laifinmu. Mahaɗi ɗaya ya saka: zuwa shagon Hatanaka, saboda alewar ta yi masa daɗi.

Yanzu in ka nemi alewar ban haƙuri a intanet, ita ce ta farko. Ni ma layi nake bi. Mu kuwa mun koma shafi na tara. Da na gan mu a can sai na ji kamar na dawo gida.

Michiyo ta sauko da saƙar daga kan firiji. Tana yi tana ’yar waƙa.

Mataki na 8: Ka shiga ofishin Shugaba da jakarka a ɗaure

Ƙarshen Maris ya kira ni. Na riga na duba farashin takalmin ƙanƙara.

“Uemura-kun, ka gaza.”

“Na gaza, Shugaba.” Bayana ya fara tafiya.

“Tsaya, kada ka ɓarnatar da bayan nan naka a kaina. Kadarar kamfani ce yanzu.”

Ashe masu aski ba injin bincike suke tambaya ba, junansu suke tambaya, ranar Litinin, a bakin teku. Shaguna sun yi ta kira suna son manhajarmu, da sharaɗi ɗaya: in ta yi kuskure, mutumin nan da ya rusuna a Sakai za a turo.

Manhajarmu kuwa ba ta ba su kunya ba, kullum da sabon kuskure.

Ban je Aomori ba. Yanzu ni ne shugaban sashen ban haƙuri, da ni da furen. Michiyo ta daina ’yar waƙarta, daga baya ta warware safar ta saƙa mini ɗamarar ɗumama baya. Ina sanye da ita yanzu haka.

A kula

Duk abin da ya same ka sanadin bin waɗannan matakai, kora ce, ko ciwon baya, ko Aomori, babu hannuna, babu na kamfaninmu, babu na furen. In kuwa ranka ya ɓaci, kada ka kira ni. Ka rubuta a shafinka, ka zage mu son ranka, ka saka mahaɗi a inda kowa zai gani. Abu ɗaya nake roƙo: kada ka rubuta adireshinka. In na san inda kake zan zo, kuma ba ni da iko da bayana.