Tarin da ya ɓata wa manya hoto

Ranar Talata jikata ta tashi tarinta ya tsananta, ƙirjinta na kuka kamar tsohon zarto. Shekararta uku. Uwarta na wurin aiki, don haka ni na saɓa ta a kafaɗa zuwa asibitin unguwa.

Da na isa sai na ɗauka ɓatan hanya na yi. Bango ya sha fenti. Famfon da ya shekara biyu a bushe yana ta zubar da ruwa har da alfahari. Ashe matar Mai Girma ce za ta zo, likitar yara, wadda take yawo tana wa'azin lafiyar ƙanana.

Mai gadi ya tare ni. "Baba, yau ba a shiga da marar lafiya."

"To ina ake shiga da shi? Kasuwa?"

"Umarni ne daga sama. Ku zaga baya ku jira."

A baya na tarar da iyaye sun fi goma, har da maƙwabcina mai faci da 'yarsa mai zazzaɓi. Muka leƙa ta taga. Gadaje takwas, zannuwa farare fat, kowanne da yaro ɓul-ɓul a kai, kumatu kamar su fashe.

Mai faci ya ce, "Wancan ɗan akawun asibiti ne. Jiya ya fasa min gilashi da ƙwallo."

Na ce, "Allah ya ba shi lafiya."

Da tawagar ta iso, motoci sha ɗaya na ƙirga. Wani mai babbar murya ya yi rabin awa yana gode wa Mai Girma da ya ba mu lafiya. Ni duk tsawon rayuwata na ɗauka Allah ne ke bayarwa.

Ita kuwa matar ta bi gadaje tana sauraron ƙirji ɗaya bayan ɗaya, fuskarta na ƙara ɗaurewa. Can sai jikata ta saki tari mai shaƙewa. Matar ta tsaya cak.

"Wa ke tarin nan?"

Shugaban asibiti ya ce, "Ranki ya daɗe, janareta ne."

Ba ta ko kalle shi ba. Ta zagayo da kanta, takalminta na nutsewa cikin caɓin sabon famfo. Ta durƙusa gabanmu.

"Baba, kwana nawa?"

"Uku."

Ta ƙirga numfashin yarinyar tana duban agogo. "Ciwon ya sauka huhu. Yau za ta fara magani, ba gobe ba." Ta nuna kantar magani ta taga, kwalaye jere har rufi, ta ce a ɗauko.

Na ce, "'Yata, kada ki wahalar da kowa. Shekara arba'in ina kafinta. Katakon da ke ɗauke da kaya lanƙwasawa yake yi. Wancan a miƙe yake kamar soja."

Ta shiga ta ɗaga kwali da yatsa biyu. Ta ɗaga na biyu. Shugaban asibiti ya shiga gyaran hularsa.

Direbanta ta aika cikin gari ya sayo. Ta sallami masu kumatu, ta kwantar da namu, ta duba su kaf. Masu hoto suka tsaya cirko-cirko, an rasa mai gaya musu ko wannan ma ana ɗauka.

Yau tarin ya lafa. Yarinya na ci, tana ja min gemu. Famfon kuwa tun Laraba ya koma halinsa.

Mai faci ya tambaye ni ko yanzu zan zaɓi mijin. Na ce ban san shi ba sai a allon talla. Amma matar ta jiyo tari ta bayan bango, shi kuwa shekara nawa muna kira a ƙofarsa bai ji ba. Da ma ta taimaka ta duba masa kunne. Sai dai an ce yara kaɗai take gani.