Akwatin Tambayoyin da Ba Shi da Ƙofa

Yau da safe rina ta harbe ni a yatsa, kuma ni dai a ganina laifin hukuma ne. Matata ta ce laifina ne, wai tsoho mai jikoki ba ya zura yatsa a ramin da bai san abin da ke ciki ba. Tana shafa min magani tana faɗa, ni kuwa na zuba wa yatsan ido ina kallon yadda yake tasowa a hankali kamar wani ne ke hura shi daga ciki. Bari in ba ku labarin daga tushe, ku raba mu.

Wata huɗu da suka wuce aka kawo mana aji a unguwa. Wani ofishi ne aka kafa don koya wa dattawa Turanci. Sunansa na gaskiya ya fi layinmu tsawo, shi ya sa muke ce masa Ofishin Goge Baki. Suka kawo benci shida da allo, suka ɗauko wata yarinya 'yar unguwarmu mai haƙuri suka ce ita ce Malama, suka miƙa mata ɗan littafi mai shafi ashirin da gargaɗin kada ta kuskura ta leƙa wajensa. Ɗakin da aka ba mu a da ma'ajiyar siminti ne. Har yau in mutum ya yi atishawa a ciki, na kusa da shi sai ya yi furfura.

Ranar buɗewa wani jami'i ya zo. Aikinsa riƙe wa Yallaɓai Babban Darakta jaka, don haka muka sa masa Mai Jaka. Ya sa aka kafe wani koren akwatin ƙarfe a bango, da 'yar tsaga a samansa.

"Iyayena," in ji shi, "duk mai tambaya a kan Turanci ya rubuta ya jefa nan. Ba sai kun sa suna ba. Duk ƙarshen mako masana za su buɗe su amsa."

Ni ne na fara jefawa. Karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, amma na yi shekara talatin ina masinja, na sha jin Turanci ta bayan ƙofa, kuma akwai abin da ya daɗe yana hana ni sukuni. Kalmar wuƙa a Turanci da wani harafi take farawa wanda ba mai furta shi. Yana nan tsaye a sahun gaba, ba ya aikin fari ba ya na baƙi, kuma ba wanda ya isa ya cire shi. Na yi aiki da irinsu a ofis, na san yadda suke samun kujera. Abin da nake so masana su gaya min shi ne, wa ya tsaya wa wannan harafin?

Tambayata ta nishaɗi ce. Ta abokina Mai Agogo kuwa ba ta wasa ba ce.

Mai Agogo shagonsa na bakin titi, ya yi shekara arba'in da gilashi maƙale a ido ɗaya yana leƙen cikin agogunan mutane. Ɗansa namiji ɗaya ne. Shekara goma sha biyu ke nan yaron ya ce shi ba zai gaji shago ba, ƙasar waje zai tafi. Uban ya fusata ya ce masa in ya sa ƙafa ya fita kada ya dawo. Yaro ya riƙe maganar da hannu biyu. Duk Asabar da la'asar yakan kira uwarsa su gaisa, sannan ya miƙa wa 'yarsa waya ta gai da kakanta, shi kuwa ya koma gefe. Yarinyar shekararta bakwai, ba ta jin komai sai Turanci. Ta yi ta zuba kamar famfo, Mai Agogo na cewa "yas, yas." Ashe wata rana tambayarsa ta yi ko shekararsa ɗari biyu, ya ce yas.

To, ɗan ya gaya wa uwarsa yarinya ta fara gajiya, in haka za a ci gaba gara a daina wahalar da ita. Wannan wayar kuwa ita ce kaɗai zaren da ya rage tsakanin Mai Agogo da gidan ɗansa. Abin da ya kawo shi aji ke nan. Magana ɗaya yake so ya iya, ya faɗa wa yarinyar, uban ya ji daga gefe.

Na ce masa, "Kai ma da neman wahala. Ga Malama nan, tambaye ta mana."

Ya ce, "Ka manta 'yar wace ce? Uwarta in ta ji magana da hantsi, kafin azahar masu kayan miya sun haddace ta. In tsaya gaban 'yar cikina in kwance mata cikina? Akwati ba shi da uwa."

Ya rubuta da hannunsa, ya ninke takardar sau huɗu, ya jefa lokacin da kowa ya juya baya.

Mako ya wuce, masana ba su zo ba. Wata ya wuce. Muna nan muna maimaita shafi na bakwai, inda wani mutum yake da alƙalami, ƙanwarsa kuma take da alƙaluma biyu. Kullum Mai Agogo ya shigo sai ya fara duban akwatin kafin ya gai da mutane. Ni kuwa da ba na iya barin abu ya zauna lafiya, wata rana da aka tashi na tsaya na shafa akwatin nan ta kowane gefe. Na leƙa ƙasansa, na ƙwanƙwasa bayansa. Jama'a, babu kwaɗo, babu marfi, babu inda za a sa mabuɗi. An liƙe shi da walda ta ko'ina kamar ana tsoron kada tambayoyin su gudu.

Na je wurin mai waldar da ya ƙera shi, don na gane hannunsa.

"Ɗana, ina ƙofar akwatin nan?"

"Baba, abin da ke cikin takarda na yi. An rubuta akwati, an rubuta tsaga. Na tambaye su ƙofa, suka ce ƙofa kwangilar wani ce daban."

"Shi wanin yana ina?"

"An ce ana kan tantance shi."

Allah ya ƙara wa manyanmu basira. Ni da ƙaramin karatuna da sai in ba mutum ɗaya akwati da ƙofarsa, in hana wani bawan Allah cin abinci. Ban gaya wa Mai Agogo abin da na gani ba. Na rasa ta inda zan fara.

Ranar Litinin da ta wuce sai ga Mai Jaka da albishir: Yallaɓai Babban Darakta da kansa zai zo ranar Alhamis ya amsa tambayoyinmu baki da baki. Fuskar Mai Agogo ta washe. Sai Mai Jaka ya zuge jaka ya fito da katuna goma, kowanne da lamba da tambaya an buga da inji, ya bi mu yana rabawa.

Tela, wanda ke zama a bencin gaba don ya fi kowa son a gan shi, ya sami lamba ɗaya: mene ne bambancin "much" da "many". Ni na sami lamba uku, yaushe ake cewa "is", yaushe ake cewa "are". Mai Agogo lamba huɗu, inda ake sa "a" da inda ake sa "an".

Na ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, namu tambayoyin fa na cikin akwati?"

"Baba, ai su ne waɗannan."

"Ni ban yi wannan ba."

"Masana sun yi bincike sun gano ita ce ke damunka."

Tela ya juyo ya ce, "Ka ji, tsoho. Kai kana zaton ƙafa ke maka ciwo, ashe 'is' ce."

Kwana uku muna gwaji. A tashi bi da bi, a ce ranka ya daɗe, a karanta kati, a zauna, a yi tafi. Mai Jaka ya ja wa Malama kunne cewa in wani tsoho ya kauce, ita za a tambaya.

Ranar Alhamis mota ta sauke kujerun roba da furannin roba da wasu mutane da ba mu taɓa gani ba, waɗanda aka ce ɗalibai ne 'yan'uwanmu. Tafi kuwa sun iya shi, ba a magana. An yi wa bangon gaba fenti, na baya aka bar shi da halinsa. Akwatin ma an sake masa fenti, har tsagar ta ƙara tsukewa. An ce ƙarfe goma. Mai Agogo, da agoguna biyu na masu gyara a hannunsa, ya raɗa min cewa Yallaɓai ya shigo ɗaya da minti goma sha bakwai.

Mutum ne mai cika ido, tubarkalla, ƙamshinsa ya riga shi shigowa. Ya zauna, aka ajiye masa takardar amsoshi, ya sa tabarau. Tun daga nan bai ƙara ɗaga kai ba. In ɗayanmu ya tashi, Mai Jaka ya sunkuya ya raɗa masa lamba, shi kuma ya bi da yatsa ya karanto. Tela ya yi tasa har da gyaran murya. Na biyu ta yi. Na tashi na tambayi abin da aka gano yana damuna, aka warkar da ni, aka yi tafi.

Sai Mai Agogo ya miƙe. Ya dubi katin, ya dubi akwatin, ya cusa katin a aljihu.

"Ranka ya daɗe," ya ce da Hausa, "tawa tambayar tana cikin akwatin can wata uku. Jikata ba ta jin Hausa. Yaya zan ce mata da Turanci, ki gaya wa babanki ni ne na yi kuskure, ya zo gida?"

Tela ya sunkuyar da kai. Malama ta dafe baki. Mai Jaka, da gumi ya keto masa, ya duƙa ya raɗa, "Huɗu."

Yallaɓai ya gyara tabarau. "Tambaya mai kyau," in ji shi. Sannan ya karanta mana cewa idan kalma ta fara da wasali ana sa mata "an", ya kawo misali da ƙwai, ya ƙara da lema. Baƙin ɗalibai suka kaure da tafi. Mai Agogo ya daɗe a tsaye, sai da na ja rigarsa ya zauna.

Kada ku ce Yallaɓai ba ya jin Hausa. Da ita ya yi wa direbansa faɗa a bakin ƙofa, kuma ta fita tas. Kunnen ne dai ba a sa shi cikin tsarin ranar ba.

Da aka kai lamba goma sai ya yi jawabi. Ya ce ya gamsu ƙwarai, tambayoyinmu sun nuna mun ƙware, saboda haka an yaye mu. Aka raba mana takardar shaida mai zanen zinariya a gefe. Kafin mu gama duba ta an fara ɗaga bencin da muke kai, wai gobe za a buɗe sabon aji a wata unguwa, ana bukatar su. Aka tashe mu da ladabi, aka loda benci da allo da furanni da baƙin ɗalibai a mota guda.

Muna tsaye a ɗaki wayam sai Malama ta matso wurin Mai Agogo.

"Baba, kawo katin nan."

Ya miƙa mata ba tare da ya dube ta ba. Ta juya bayansa, ta jingina shi da bango, ta rubuta layi biyu na Turanci da manyan baƙaƙe, yadda ake furtawa, ba yadda masana ke rubutawa ba.

"Da ka tambaye ni tun farko, Baba."

"Uwarki nake tsoro."

"To yanzu ai duk unguwa ta ji daga bakinka. Ka hutar da ita."

Ranar Juma'a a shagon Mai Agogo muka yini. Ni ne jika, shi ne kaka. Ya faɗa, in ce ban ji ba, ya sake. Wani ya kawo agogo gyara, ya ce masa ya dawo jibi, yau shagon na gyaran mai shi ne.

Asabar da la'asar ina zaune a tsakar gidansu, ni ke riƙe da katin a gaban idonsa. Waya ta yi ƙara. Matarsa ta gaisa da ɗanta, sannan muryar yarinya ta fito tana zuba. Mai Agogo bai ce yas ba. Ya jira ta ja numfashi, ya karanto layin nan biyu a hankali, kalma bayan kalma, kamar yana ɗora ƙananan ƙusoshin agogo. Sai muka ji ƙafafun yarinyar da gudu tana ƙwala wa ubanta kira, tana maimaita maganar. Aka yi ta ƙus-ƙus a can. Matar Mai Agogo ta kama bakin zanenta ta riƙe.

Can sai wata murya ta namiji ta ce, "Baba. Ina wuni?"

Na ajiye katin a kan tabarma na fito, don abin da ya biyo baya ba na jarida ba ne. Sun fi awa guda. Da Mai Agogo ya leƙo waje idonsa ja, abin da ya ce min kawai shi ne, "Ka ga ikon Allah. Wata huɗu ina koyon Turanci don in sa ɗana ya yi min Hausa."

A rediyo an ce Yallaɓai ya amsa dukkan tambayoyin dattawa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ƙarya suka yi ba, ni shaida ne, har goma. Takardar shaidata tana nan matata ta rufe tulu da ita, ta ce girmanta daidai.

Akwatin ne kaɗai ba su ɗauka ba, don an kafe shi da gaske. Shi ne yau da safe na ce bari in je in ga ko zan iya zaro 'yar tambayata, tunda harafin nan na gaban wuƙa har yanzu yana kan kujerarsa. Na zura yatsa ta tsagar. Ashe rina ta riga masana shiga, ta yi gida a kan takardunmu.

Matata na nan a kan bakanta cewa laifina ne. Ni kuwa ban riƙe rinar a zuciya ba. A duk Ofishin Goge Baki, ita kaɗai ce da na taɓa ta, ta amsa min nan take.