Eriyata da Tsakar Gidan Liman

Sati biyu na yi ina haɗa eriya da sandunan alminiyam, irin mai fuskantar gefe ɗaya, don in yi magana ta rediyo da abokina Bulus da ke unguwar Gawon Nama. A ganina takardar injiniya kawai ta rage mini.

Ranar gwaji na haye rufin gidanmu a Ƙofar Dundaye. Ni da na auna kowace sanda sau uku, na manta abin da ko mai gyaran indararo ya sani: a sanar da maƙwabta namiji zai hau sama, mata su kintsa.

Na toshe kunnuwa da abin sauraro ina juya eriya. Muryar Bulus ba ta fito ba sai da na saita ta daidai tsakar gidan maƙwabcinmu Liman. Don murna har da ɗaga hannu.

Da na cire abin kunne, matan gidan sun watse, sai mahaifiyar Liman tsaye da muciya.

"Kai ɗan Hajara, mi kaka leƙe da ƙarfen ga?"

"Inna, Bulus nika nema."

"Cikin matan Liman?"

Har yau in na wuce majalisa sai an tambaye ni: "Injiniya, an ga Bulus kuwa?"