Ranar da Muƙamuƙina Ya Goce

Jama'a, ku yi hattara da hamma a layin mai. Jiya da safe ina tsaye riƙe da babur, rana ta take, famfo ko ɗigo bai yi ba, sai hamma ta zo mini. Na wangale baki iya ƙarfina, na ji wani ƙas a gindin kunne. Na zo rufewa, baki ya ce bai san zancen ba. Muƙamuƙin ƙasa ya goce, haƙoran sama da na ƙasa suka raba gari, miyau ya fara jiƙa mini gaban riga.

Maƙwabcina tela, wanda ke bayana a layin, ya leƙa ciki ya ce yana hango har beli. Ya ce in gode wa Allah, domin a ranar ce Mai Girma Uban Alkawura zai buɗe sabon asibitin haƙori na unguwarmu. Muka bar baburan wurin mai faci, muka taka.

Mun tarar fentin asibitin ko bushewa bai yi ba. Kujerar cire haƙori da aka girke a tsakiyar ɗaki kuwa, tela ya raɗa mini cewa ta shagon mai askinmu ce, har da gashin jiya a jikinta. Mai Girma ya fito daga mota da almakashi a hannu, ya gan ni a sahun gaba baki buɗe, ya tsaya cak. Ya juya ga 'yan jarida.

"Ku dubi bawan Allahn nan," in ji shi. "Ayyukanmu sun sa talaka ya saki baki."

Aka yi tafi. Na yunƙura in yi bayani, abin da ya fito kawai "aaa". Mai Girma ya ce ya fahimta, roƙonsa nake ya sake tsayawa takara, kuma saboda ni ya amince. Aka ɗauke mu hoto kunci da kunci, ya yanke ƙyalle ya tafi. Kujerar ma ta bi bayan ayarinsa a kan wani ɗan dako.

A ciki, jami'in farko ya haska bakina da wayarsa. Ya yaba haƙoran gaba, ya yaba fiƙoƙi, ya ce turamen can ciki abin alfahari ne ga ƙasa. Sai dai ikon ofishinsa a dasashi ya tsaya, muƙamuƙi ƙashi ne, in nufi sashen ƙashi. Matar sashen ƙashi ta ce su daga wuya zuwa ƙasa suke aiki, duk abin da ya kai haɓa na kwamitin kai ne. Shi kuwa kwamitin ya tafi ƙasar waje ƙaro ilimi kan yadda ake tauna. Sakatarensu da aka bari gadin ofis ya ce zai saurare ni, amma doka ta ce majinyaci ya faɗi ciwonsa da bakinsa. Tela ya ce bari ya faɗa a madadina.

"Malam, a nan ba ma karɓar aron baki," in ji sakatare.

A nan fa tsoro ya kama ni. Harshe ya bushe kamar tsohon takalmi, ganɗa tana zafi, ƙudaje sun fara leƙowa neman ɗakin haya. Na fara tunanin sauran rayuwata da ruwan shayi a cokali.

Muka shiga motar haya za mu koma gida. Daidai kwanar kasuwa, direba ya faɗa ramin nan da ya girmi 'yata ta fari. Na yi sama, na dawo, haɓata ta daki bayan kujerar gaba. Ƙas. Baki ya rufe, har na ciji harshe. Na yi hamdala, wannan karon da cikakkun haruffa. Wata dattijuwa a gefena ta ce ita ma ramin ne ya fitar mata da turmin da ya daɗe yana hana ta barci.

Yanzu ga shi na ji Mai Girma ya yi alkawarin cike ramin. Da farko hankalina ya tashi, don ramin nan shi kaɗai ne likitan da ke zuwa aiki kullum a unguwarmu. Da na tuna alkawari ne, sai na ci abincina a natse.